Yadda aujourd'hui ta koma aujourɗhui a shagona

Shagona ɗan ƙarami ne a nan Damagaram ba nisa da kasuwar Dole, aikin sezi nake da fotokopi da katin biki da takardun neman aiki, kuma rabin abin da ake kawo min Hausa ce da Faransanci a takarda guda, sama Hausa ƙasa Faransanci. Duk wanda ya taɓa wannan aikin ya san inda gizo ke saƙa, haruffan nan huɗu masu lanƙwasa. Kilabiyen da ke hannunmu AZERTY ne, yana da é yana da ç yana da à, amma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ko sama ko ƙasa. Sai mutum ya turo ma rubutu ta WhatsApp da k'asa da d'an da 'ya'ya ya ce a gyara mai a fitar yau yau. Mu kuma nan Nijar tun ƙa'idar rubutu ta 1999 ƴ muke sawa, ba kaman ƴan uwanmu na Najeriya da suke barin 'y yadda take ba, to ka ga aikin namu ya ƙaru da harafi ɗaya.

Ordinatar ɗina tsohuwa ce ƴar okaziyo, RAM jiga 2, in ka buɗe manhajar rubutu ta VS Code a kanta sai ka ɗora shayi ka sauke ba ta gama tunani ba. Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a Yamai shi ya sa min Linux ya sa min wata manhajar rubutun mai suna Emacs, ya ce Kawu wannan tun 1985 Richard Stallman ya fitar da shi, lokacin injinan ma ba su kai taka ƙarfi ba, ba zai gajiyar da ita ba. Kuma gaskiyarsa. Abin da ya ja ni shi ne za ka iya ƙara mai aikin da kake so da yarensa, Emacs Lisp. Da ɗan tsinte tsinte a intanet da dare lokacin da forfe ke araha na harhaɗa wannan, shi ne gabaɗayan abin da za mu yi magana a kai:

(defun gyara-lankwasa (farko karshe)
  (interactive "r")
  (save-excursion
    (dolist (biyu '(("b'" . "ɓ") ("d'" . "ɗ") ("k'" . "ƙ") ("'y" . "ƴ")))
      (goto-char farko)
      (while (search-forward (car biyu) karshe t)
        (replace-match (cdr biyu) t t)))))

Ma'anarsa ba wuya. Ka zaɓi inda Hausar ta fara da inda ta ƙare, shi kuma ya bi sau huɗu, zagayen farko b' na biyu d' na uku k' na huɗu 'y, duk inda ya gani tsakanin farko da karshe ya musanya. Wata da watanni ina aiki da shi lafiya lau ina ji da kaina.

Sai wata Hajiya shugabar ƙungiyar adashen mata ta kawo dokokin ƙungiyarsu, Hausar shafi biyar ta Faransancin ma kusan haka, kofi 120. Na zaɓi Hausar na gyara, na kai LibreOffice na tsara, na buga, yaron shago ya maƙala. Washegari da hantsi sai ga ta da ƴarta ƴar lise, ta shimfiɗa min shafi na shida a kan tebur ta ɗora yatsa ta ce Malam wannan wane yare ne? Na duba, Aujourɗhui, le conseil ɗadministration. Ƴar tana ta ƙunshe dariya cikin hijabi. Na ce Hajiya ki yi haƙuri laifina ne, na sake buga shafin, dala biyar biyar sau 120 jika uku kenan daga aljihuna, ban da zaman cire maƙali da sake maƙalawa, ban da kunyar da ta fi kuɗin ciwo.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne biyu kacal suka lalace. A layi na uku na Faransancin akwai caisse d'épargne tana nan ƙalau ba abin da ya taɓa ta, haka duk sauran shafukan. In da Faransancin duka na zaɓa bisa kuskure ai da duk sun lalace. In kuma ban zaɓa ba me ya kai shi can?

Zato na farko hannuna ne ya zarce wajen zaɓa. Na sake, na lura sosai, ya sake ɓata su. Zato na biyu, kuma wannan har yau ina jin nauyinsa, na ce yaron shago ne ya taɓa fishiyen ina masallaci, na yi mai faɗan da bai ci ba bai sha ba, yaro ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Na gwada da ƴar gajeriyar sanarwa ta layi goma, bai ɓata komai ba. Na gwada da dokokin Hajiya, ya ɓata. Kai abin kaman na iska.

Na kunna toggle-debug-on-error dan na karanta cewa yana nuna inda aka faɗi, shiru kake ji, saboda shi sai kod ya yi tuntuɓe ya faɗi yake fitowa, nawa kuwa ba faɗuwa yake ba, aikinsa yake cikin natsuwa yana ɓarna. Na cusa message a ciki ya riƙa buga min inda yake, sai bafar *Messages* ta cika da lambobi sama da ɗari biyu ba kai ba gindi, na zuba musu ido har idona ya yi ja ban san me nake nema ba. Kwana biyu a haka.

Ana cikin haka ɗan yayar tawa ya zo hutu, ya kwaso tafiyar nan ta kilomita wajen 900 daga Yamai, ko hutawa bai gama ba na jawo shi shago. Ya kalli kod ɗin, na ga alamar ya gano dan murmushi ya yi, amma ya ƙi faɗa. Ya ce Kawu in na gaya maka gobe wani zai taso ka sake kirana, bar wannan canki cankin, ka sa mai Edebug ka bi sawunsa da idonka. Na ce kai yaro ni forfe na ya ƙare ba ni da abin sauke wani abu. Ya ce ba a sauke shi, yana cikin Emacs tun tuni, wani Daniel LaLiberte ya rubuta shi, kai dai ba ka taɓa ƙwanƙwasa ƙofarsa ba ne.

Edebug dibaga ce mai bin sawu, ita ce ta riƙe ma kod ya riƙa tafiya taku ɗaya ɗaya, kowane taku ya tsaya sai ka ce ci gaba, kuma a kowace tsayawa kana iya leƙa abin da ke cikin kowane suna. Yadda ake sa shi, ka kai kursar cikin defun ɗin, wato kod ɗin nan da na nuna a sama, ka danna C-u C-M-x, C ɗin Ctrl ne M ɗin Alt. Ni karon farko na manta C-u na danna C-M-x kawai, wanda shi sake loda aikin yake ba tare da komai ba, na kira shi ya wuce fuuu, na ce ka ga abin naka ma ba ya aiki. Ya ce Kawu duba ƙasan ekaran, in ya kama za ka ga ya rubuta Edebug: gyara-lankwasa. Na sake da C-u, ya rubuta.

Kafin in kira shi ya sa na kwafi fishiyen Hajiya na asali na yi aiki a kan kofin, kuma wannan ba ƙaramar shawara ba ce, dan dibaga ba wasan kwaikwayo take ba, duk musanyar da ka taka ta faru da gaske a rubutun, in ka danna q ka fita a tsakiya za ka tarar rabi an gyara rabi ba a gyara ba.

Na zaɓi Hausar na kira M-x gyara-lankwasa, maimakon ya gama sai taga ta juya ta nuna min kod ɗina da ƴar kibiya a gefen hagu tana nuna layin save-excursion. Na rikice na fara danne danne, ashe a nan ba a rubutu, kowane harafi umarni ne. Ya riƙe min hannu ya ce sandar tazara kawai, doguwar nan ta ƙasa. Na danna, kursar ta matsa. Na danna, ta matsa. Sai na lura da tsarin tsayawarta, tana tsayawa a bakin baka, wato alamar nan ( ), kafin a yi aikin, ta tsaya a bayan baka in an gama ta nuna abin da ya fito, ta kuma tsaya a bayan kowane suna ta faɗi abin da ke cikinsa. Da ta wuce farko sai ƙasa ya nuna Result: 1. Da ta wuce karshe ya nuna 11482 da wasu lambobi masu alamar # a gefe, na ce waɗannan fa? ya ce lambar ce dai a wasu ƙidayoyin, share su. Da search-forward ya gama ya nuna 412, wato ya samu b' ta farko kuma ga inda ya tsaya.

Wlh wannan kaɗai sai da ya sa na yi shiru. Kod ɗin da ni na haɗa, wata nawa ina kiransa, ban taɓa sanin search-forward lamba yake dawowa da ita ba, na ɗauka e ko a'a yake cewa.

Daga nan ya ce danna e. Sai ta tambaye ni me zan lissafa, ya ce rubuta (point-max), wato ƙarshen rubutun gabaɗaya. Ya fito 24610. Ya ce to taka har replace-match ya gama ka sake tambaya. 24609. Ya ce karshe fa? 11482. Wani zagayen, 24608, karshe 11482. Wani kuma, 24607, karshe na nan daram 11482. Ya koma ya jingina da bango yana shan shayinsa bai ce min uffan ba.

Ban gane nan take ba, kar in yi ƙarya. Na ci gaba da dannawa ina ganin ɗaya na raguwa ɗaya na tsaye, na danna ya fi sau sittin ban ma fita daga zagayen b' ba, sai kuran ya yanke, batirin ordinatar kuwa ya daɗe da mutuwa, komai ya tafi. Zafi ga shi kaman a gasa gurasa. Muka fita waje muka zauna a benci, a nan ya ce Kawu ba wanda ke taka zagaye ɗari da yatsa, bariyar ake sawa.

Da kuran ya dawo bayan la'asar ya nuna min. Ka kai kursar inda kake so ka danna b, ka kafa bariyar kenan, in ka danna g kod ya ruga da gudu sai ya iso nan ya tsaya, kaman mota a hanyar Matamaye. u kuma ya cire ta. Amma wadda ta yi min aiki ita ce x, bariyar mai sharaɗi, wadda ba kowa take tarewa ba sai wanda ka siffanta mata. Na kai kursar bakin (replace-match na danna x, ta tambayi sharaɗi, na rubuta (> (point) 11380), ma'ana kar ki tsai da shi sai ya kusa ƙarshen Hausar. Na danna g.

Tsayawa ɗaya ta yi. Na danna e na tambayi (car biyu), ya ce "d'". Na tambayi (point), 11415, ƙasa da 11482, wato a ganin kod yana cikin gonarsa bai tsallake iyaka ba. Ɗan yayar tawa ya ce danna p. Na danna, taga ta ɗan leƙa min rubutun Hajiya na daƙiƙa guda ta dawo, kuma a cikin daƙiƙar nan na ga kursar zaune a tsakiyar Aujourd'hui, bayan d' ɗin daidai, tana jiran in ba da izini a yanka. Dan in tabbatar na rubuta (buffer-substring (- (point) 8) (point)) ya fito min da "Aujourd'" ɓaro ɓaro.

A nan ne abin ya faɗo min. Kowace musanya haruffa biyu take cirewa ta sa ɗaya, rubutu na ta tsukewa yana jawo na ƙasa sama, shi kuwa karshe ba wuri ba ne kaman yadda na ɗauka, lamba ce kawai da aka ƙirga tun kafin a fara. Duk ɗan Damagaram ya san layin jarka a bakin famfo lokacin zafi. In ka ce jarkata ita ce ta 40 ka tafi, na gaba suna cika suna ɗaukewa layi na matsowa, in ka dawo ka ƙirga 40 jarkar wani za ka ɗauka. A rubutun Hajiya b' 17 ce d' 79, jimla 96, to iyakar ta zarce da harafi 96 cikin Faransanci, Aujourd'hui da d'administration suna cikin 96 ɗin, d'épargne tana gaba da su shi ya sa ta tsira. Gajeriyar sanarwa kuma musanya biyar ko shida ce, zarcewar ba ta wuce layin banza da kan magana ba, shi ya sa wata da watanni asirina a rufe. Zagayen k' da 'y sun fi zarcewa nesa ma, sa'a dai ba abin da ya dace da su a Faransancin.

Maganin layi ɗaya ne, ka ɗaura wa jarkarka tsumma maimakon ƙirga. A Emacs akwai abin da suke kira marker, alama ce da ke manne da wurin tana matsawa tare da rubutu. Na sa (setq karshe (copy-marker karshe)) a sama kafin zagayen, na sake C-u C-M-x, na taka. Yanzu in ta wuce karshe sai ya nuna #<marker at 11482 in dokoki.txt>, bayan musanya ɗaya 11481, bayan ta biyu 11480. Na cire bariyar na danna g, ya gama, Aujourd'hui na nan da ranta. Ɗan yayar tawa ya ce akwai wata hanyar ma, save-restriction da narrow-to-region, ka killace Hausar kod bai ma san akwai wani abu a waje ba, na ce na ji amma wannan da na gani da idona ita zan riƙe.

Tunda wuƙa ta shiga hannu sai na ce bari in duba wani abin da na daɗe ina haƙuri da shi. Kullum in jimla ta fara da K'ungiya sai ta koma ƙungiya da ƙaramin harafi, ni kuma in bi in gyara da hannu ina cewa halin Emacs ne. Na kafa bariyar mai sharaɗi a zagayen k', na tambayi (match-string 0), ya ce "K'" babba, alhali ni ƙarama na ce a nema. Ashe case-fold-search a kunne yake tun asali, nema ba ya bambance babba da ƙarami, sannan t ɗin farko da na kwafo cikin replace-match ban san aikinsa ba cewa yake kar a taɓa girman harafin da na bayar. Ni na ce mai ya sa ƙarama, ya sa. Na kashe case-fold-search da let na rubuta guda takwas ɗin kowa da nasa, Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ a gefe ɓ ɗ ƙ ƴ a gefe. Wannan ko minti goma bai ci ba.

Na ukun shi ya fi ba ni dariya. Wani rubutu da aka turo daga waya, na kira aikin bai gyara ko ɗaya ba. Da a da ne sai in ce ya lalace in sake kunna ordinatar. Na taka, search-forward na farko Result: nil, wato bai samu komai ba, na biyu nil, duka huɗun nil, ga k’asa kuwa ina kallonta a ekaran. Na fita na ɗora kursar a kan ƴar waƙafin saman na danna C-u C-x = sai ya ce lambarta #x2019, tawa ta kilabiye kuwa #x27 ce. A ido kusan ɗaya suke, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya ta ɗan karkace, wasu wayoyin da Word su ke juya ta da kansu dan ado. Na koma re-search-forward na sa ya karɓi kowacce. Ko da yake nan ba dibagar ta faɗi dalili ba, ita nil kawai ta nuna min, amma ta nuna min wace ƙofa zan buga.

Wani abu kar ya kama ku yadda ya kama ni, in kun gama ku cire ta. Washegari wani Alhaji na tsaye a kaina yana sauri zai kama mota, na kira aikin sai ga kibiya ta fito tana jirana, na rikice na rasa abin dannawa. G babba ce ke sa shi ya wuce ba tsayawa, sannan ka koma kan defun ɗin ka danna C-M-x ba C-u ya koma yadda yake. In ka manta haruffan kuma ? tana jero su. Akwai i ta shiga cikin wani aikin da aka kira, da o ta fita, da d ta nuna wa ya kira wa, da t mai tafiya da kanta tana ɗan tsayawa daƙiƙa guda guda, amma ni zuwa yanzu sandar tazara da e da x da g su ne abincina.

Yaron shago na kira shi gaban ɗan yayata na ba shi haƙuri, na nuna mai lambar da ke raguwa da wadda ke tsaye dan ya san ba shi ba ne, ya ce ba komai Malam, amma sai da na haɗa da kilishin dala ɗari kafin fuskar ta sake. Yanzu shi ke son in koya mai, ya fi ni saurin yatsa nesa ba kusa ba.

Saura guda da ban gama da ita ba. In kalmar Faransanci ta faɗo a tsakiyar Hausar kanta, iyaka ba ta da abin cewa, tana cikin gona. Côte d'Ivoire na samo mata dabara, in ƙaramar d' ce kuma babban harafi na biye a tsallake. Amma jiya wata malama ta kawo takardar taron iyaye, Hausa zalla, sai jardin d'enfants har sau tara a ciki, ya mayar min da su jardin ɗenfants duka tara, kuma daidai abin da na ce ya yi kenan. Na tura wa ɗan yayata murya ya koma Yamai, ya ce Kawu sa shi ya riƙa tambayarka da y-or-n-p, mai tambayar e ko a'a, duk inda ya yi shakka, na ce to shakkar wa zai koya mai. Da hannu na bi su.